Sarautar Karaye a Bakin Mutanen Ruwan Bago

A cikin wata biyu kacal na shekarar 2024, mutumin Ruwan Bago, a ƙaramar hukumar Rogo, ya zauna ƙarƙashin tsarin sarauta iri uku, alhali ko ƙofar gidansa bai sauya ba. Har zuwa safiyar 23 ga Mayu, talakan Sarkin Karaye ne, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu, sarki mai daraja ta ɗaya. Kafin faɗuwar rana Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar da ta kafa masarautar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, Karaye da Rogo suka koma hannun Sarkin Kano kai tsaye. Ranar 16 ga Yuli aka sake sa hannu a wata dokar, aka maido da masarautar Karaye a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu tak, Karaye da Rogo. Aka ɗauko hakimin Rogo, Alhaji Muhammad Maharaz, aka ba shi sarautar.

Dokar da aka gama a yini guda ba ta da gurbin zuwa ƙauye a ji ta bakin kowa. Amma rashin tambaya bai hana mutane magana ba. An tattauna wannan batu a Ruwan Bago, da Zarewa, da Fulatan, da Beli, da Gwangwan, har an gaji, kuma wanda ya saurari irin wannan hira da kunnen basira zai tarar da hujjoji a cikinta da suka fi na zauren majalisa nauyi.

Wurin hirar sananne ne. Bayan sallar isha'i ake haɗuwa a teburin mai shayi, butar ƙarfe na tafasa a kan gawayi, an jera gwangwanayen madara da sinƙin burodi, fitila mai amfani da hasken rana na rataye a jikin rumfa, rediyo kuma na gefe an ƙure masa murya. Benci biyu ne ko uku. Akwai manomin da ya wuni a gonar rake, da ɗan acaɓan da ya kai fasinja Rogo ya dawo da labari, da malamin firamare da ake juyawa a kalla idan gardama ta kai ga shekara ko lamba, da saurayin da ya yi ci-rani a Legas ko Abuja, wayarsa cike da hotunan bidiyo. Kowa na da abin da ya ji, kuma ba a barin magana ta wuce ba a tambayi mai ita inda ya samo ta ba. 'Yan birni kan ɗauka cewa mutumin karkara abin da aka zuba masa a kunne shi yake maimaitawa. Wannan zato ne na wanda bai taɓa zama a kan bencin ba.

Dattawan wurin suna da abin da matasa ba su da shi, wato sun taɓa ganin irin wannan. A 1981 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya ɗaga darajar sarakunan Karaye, Rano, Gaya, Dutse da Auyo, a daidai lokacin da dangantakarsa da Sarkin Kano Ado Bayero ta yi tsami. Takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa sarki ita ta haifar da tarzomar 10 ga Yuli ta wannan shekara, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, a cikinta. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau mulki a 1983, ya rushe abin da Rimi ya gina. Karaye ta koma inda take, ta zauna haka shekara talatin da shida.

Sai 2019. Ranar 8 ga Mayu Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Bichi, Gaya, Rano da Karaye, kwana uku da fara maganar a majalisa. A watan Nuwamba babbar kotun jiha ta soke dokar saboda majalisa ba ta bi ƙa'ida ba. A farkon Disamba aka sake yin wata. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu. Duk wanda ya jera waɗannan ranaku zai ga abin da dattijon Ruwan Bago ya gani tun da wuri: duk lokacin da aka ɗaga Karaye ko aka sauke ta, akwai gwamnan da ke da lissafi da fadar Kano. Ba a taɓa farawa daga buƙatar Karaye ba. Ana farawa daga rigimar birni, sannan a waiwayo yamma.

Duk da haka, masu goyon bayan masarautar a wannan yanki ba wawaye ba ne, kuma hujjarsu ta fi ƙarfin a yi watsi da ita. Hujjar ita ce kusanci. Rogo na can ƙuryar yammacin jihar, ta yi iyaka da Katsina ta wajen Ɗanja da Kafur, ta yi iyaka da Kaduna ta wajen Maƙarfi. Mutumin Rogo ya fi saurin isa Maƙarfi a kan ya isa birnin Kano. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 227,000, Karaye kuma fiye da 141,000, yau kuwa adadin ya wuce haka nesa. Jama'a mai wannan yawa, a ce duk maganar da ta fi ƙarfin hakimi sai an kai ta Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, inda ake jiran layi da hakiman ƙananan hukumomi 44, wannan nauyi ne na gaske.

A ɗauki rikicin iyakar gona, wanda shi ne ya fi kowane yawa idan damina ta kawo kai. Magada biyu sun saɓa a kan inda gonar mahaifinsu ta tsaya, ɗaya ya ce tsamiyar can ce iyaka, ɗayan ya ce jerin gamba ne da aka tuge shekarun baya. Mai unguwa zai fara zuwa da dattawan da suka san wurin tun suna yara, a taka gonar da ƙafa, a nemi tsohon kututture ko dutsen da aka binne. In abin ya faskara, a je wurin dagaci. In ya faskara, sai gaban hakimi, a zube a yi gaisuwa, a ce ranka ya daɗe, kowa ya kawo shaidunsa. Yawancin rigingimu a nan suke mutuwa, ba lauya, ba kuɗin rajista. Amma akwai waɗanda ba sa mutuwa: inda ake zargin dagacin da kansa ya karkata, ko inda burtali ya shiga cikin maganar har manomi da makiyayi suka ja daga, ko inda sarautar dagaci ta faɗi gidaje biyu suna nema. Irin waɗannan sai fada. Ga wanda kuɗin motarsa sai ya sayar da tiyar masara, bambancin zuwa Karaye a dawo a yini ɗaya da zuwa Kano a kwana, shi ne bambancin kai kuka da haƙura da zalunci. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da kuɗin mota ya ninka, wannan hujja ta ƙara nauyi.

Suna kuma nuna abin da ido ke gani. Gwamnatin Ganduje ta yi alkawarin asibiti mai gado 400 a hedikwatar kowace sabuwar masarauta, aka kuma yi aikin faɗaɗa asibitin Karaye da wasu tituna na cikin gari. An umarci hakimai su riƙa yin hawan sallah a masarautunsu maimakon su kwashi dawakai da jama'a su tafi Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da abinci, da mai ɗinkin kayan doki, da makaɗa da masu algaita, da yaron da a da sai dai ya ji labarin hawa a bakin wanda ya je birni.

Masu adawa su ma suna da tasu, kuma a teburin shayi ɗaya ake jin su. Wasu suna ganin girman Kano a dunƙule yake, kuma su ma nasu ne: Bakano ne mutumin Rogo idan ya je Ikko ko Makka, sunan Sarkin Kano ne ke buɗe masa ƙofa. Wasu lissafi suke yi, suna cewa kuɗin riƙe fada, da motoci, da albashin 'yan majalisar sarki, daga kason ƙananan hukumomi ake yankarsa, wato daga kuɗin da ya kamata ya gyara rijiyar burtsatse ko rufin aji. Wasu kuma suna cewa asibiti da titi aikin gwamnati ne, ba sai an naɗa sarki ake bin talaka bashinsu ba. In da niyya, da an yi su tun tuni. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi a ɓangarensu. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye an kammala ta a 1992, ba masarauta a lokacin. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Kusalla shi ma ba sarauta ce ta kawo shi ba.

Abin da ke ba hirar armashi shi ne yadda layin jam'iyya ba ya bin layin sarauta sak. Mahaifin Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, Alhaji Musa Sale Kwankwaso, hakimin Madobi, ya riƙe sarautar Makaman Karaye a sabuwar masarautar har rasuwarsa a Disamba 2020, alhali ɗansa ne jagoran masu adawa da rarraba Kano. Barista Haruna Isa Dederi, wanda ya wakilci Karaye da Rogo a Majalisar Wakilai, shi ne Kwamishinan Shari'a na jiha lokacin da aka rushe masarautar a 2024. Ɗan majalisar da ya gaje shi, Abdullahi Sani Rogo, ya ci zaɓen 2023 a NNPP, ya koma APC a 2025, lokaci guda da Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu. Saboda haka ake samun mai jar hula, wato mabiyin Kwankwaso, da ke kewar masarauta mai daraja ta ɗaya, a kuma samu ɗan Gandujiyya da ke jin daɗin cewa hakimin garinsu ne ya zama sarki. Mutanen yankin sun san waɗannan sunaye da tarihin kowannensu, shi ya sa ba sa saurin yarda idan aka ce musu rigimar ta aƙida ce.

Daga ina labarin ke zuwa musu? Rediyo ne uban tafiya har gobe. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, kuma shirin Ra'ayi Riga na ranar Juma'a ya koya wa mutane da yawa cewa talaka ma ana iya jin muryarsa a duniya. Amma abin da ya sauya siyasar Kano shi ne tashoshi masu zaman kansu, tun daga Freedom Radio da ta fara aiki a 2003. Da su aka samu shirye-shiryen siyasa na dare irin su Kowane Gauta, da su kuma aka samu sana'ar da ake kira sojan baka: mutum ya shiga rediyo kullum ya kare ubangidansa, ya caccaki abokin hamayya, a sallame shi. Wasu sojojin bakan suna da hikima da zalaƙa, ana son jin su kamar yadda ake son jin mai tatsuniya. Matsalar ita ce lokacin rediyon saye ake yi, wanda ke da kuɗi shi ke da murya. Manomin Ruwan Bago yana jin ra'ayin kowa a kan masarautarsa, nasa ra'ayin ne kawai ba ya fita daga rumfar mai shayi.

A watan Mayu 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a kafafen yaɗa labarai na jihar, ta ce don a daina cin mutunci. Cin mutuncin gaskiya ne, duk mai saurare ya san an wuce gona da iri. Sai dai maganin bai dace da ciwon ba. Gwamnatin da ke kan mulki ita ma da rediyo ta yi adawa kafin ta hau, kuma shirin kai tsaye shi ne ƙofa ɗaya da mai ƙaramar waya a ƙauye ke iya bugowa ya faɗi abin da ke ransa ba a tace ba. Dokar ɓata suna tana nan, kotuna suna nan. Rufe ƙofar gaba ɗaya mai kuɗi ba ya cutarwa, domin shi zai naɗi shirinsa ya biya a saka.

Mata ba sa zama a teburin mai shayi, amma kuskure ne a ɗauka ba sa cikin hirar. Rediyo a tsakar gida yake wuni, ana surfe ana ji, ana tuƙin tuwo ana ji. A gidan biki da gidan suna da makarantar Islamiyya ake tasu muhawarar, kuma ma'auninsu ya fi na maza tsauri: nawa kwanon masara, akwai ungozoma a asibitin sha-ka-tafi da dare ko babu, an biya wa yarinya kuɗin jarrabawa ko an yi shiru. Ranar zaɓe layinsu kan yi tsawo tun da sassafe. Ɗan siyasar da ya raina su da sabulu da taliya yakan gane kurensa bayan an ƙirga ƙuri'a.

Sai waƙa, wadda a wannan yanki ba a raba ta da siyasa. Dauda Kahutu Rarara maƙwabci ne, domin Kahutu na cikin ƙaramar hukumar Ɗanja, wadda ta yi iyaka da Rogo. Mutanen nan sun bi tafiyarsa tun daga waƙar Masu Gudu Su Gudu ta zaɓen Buhari a 2015 har zuwa waƙoƙin Tinubu na 2023. Sun ji lokacin da aka kai wa kadarorinsa hari a Kano bayan zaɓen gwamna na Maris 2023, sun ji lokacin da ya fito a Oktoban wannan shekara ya soki mulkin Buharin da ya shekara takwas yana wasawa. Da masu garkuwa da mutane suka ɗauke mahaifiyarsa a Kahutu a ƙarshen Yuni 2024, ba a ɗauki labarin a matsayin na mawaƙi ba. An ɗauke shi a matsayin labarin tsaro na ƙofar gida, domin dajin da aka bi da ita ba nesa yake ba, kuma masoyansa da maƙiyansa duk sun yi addu'a har aka sako ta.

Hanyar da waƙa ke shigowa ƙauye abin kallo ce. Rumfar mai cajin waya ita ce kasuwarta: ƙaramin janareta na kuka a baya, allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya riƙe ɗaya rabin. A gefe akwai tsohuwar kwamfuta. Saurayi ya miƙa memori ya ce a zuba masa sababbi, a cika masa da waƙoƙin siyasa, da na soyayya, da wa'azi, da kashi biyu-uku na fim mai dogon zango. Kafin magariba waƙar da aka saki a Kano jiya tana tashi a kan babur, gobe yara na rera amshinta a hanyar makaranta, har 'ya'yan gidan da ba sa ƙaunar jam'iyyar.

A nan ma akwai basirar da ba a cika yaba wa mai saurare da ita ba. Ya san mawaƙi biyansa ake yi. Yana rawa da kiɗan, ya yi dariyar zambon, ranar zaɓe ya dangwala inda ya ga dama. Zaɓen gwamna na 2023 shaida ne: mafi shaharar mawaƙin siyasa a Arewa ba ya tare da NNPP, amma Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Abin damuwar yana wani wuri daban. Waƙar siyasar Kano ta taso ne da mutane irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja na zamanin NEPU, jam'iyyar da aka kafa a 1950, waɗanda baitocinsu ke bayanin haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin 'yan doka, wato abin da ke cin talaka a jikinsa. Mafi yawan na yau yabon mutum ne da aibata abokin takararsa, har da siffar jikinsa. Yaron da ya tashi da irin wannan zai ɗauka siyasa ita ce iya zagi da kari mai daɗi. Wannan asara ce ga adabin kansa, domin Hausa na da mawaƙa masu baiwar da za su iya ɗaukar farashin taki ko halin asibiti su mayar da shi waƙar da za a shekara ana ji.

Rigimar masarauta ta taɓa mawaƙan fada kai tsaye. Naziru M. Ahmad, wanda Sarki Sanusi ya naɗa Sarkin Waƙa, an kama shi a Satumba 2019 bisa zargin sakin waƙoƙin da Hukumar Tace Fina-finai ba ta duba ba, ya kuma ajiye sarautar bayan an tuɓe ubangidansa a 2020. Kafin shi, a 2009, an tsare Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, saboda waƙa. Hukumar an kafa ta a 2001, kuma gwamnatoci na jam'iyyu daban-daban sun gaje ta ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta rage mata ƙarfi. A Mayu 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su tacewa. Matasan da ke bin waɗannan shirye-shirye kashi-kashi a waya sun ji abin a jikinsu, kuma da yawansu daga Kwana Casa'in na tashar Arewa24 suka fara fahimtar yadda ake cinikin kwangila da kujera a bayan fage.

Hawan sallah ma bai tsira ba. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. A daidai wannan zamani 'yan sanda suka hana hawa a birnin, a babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025, saboda sarakuna biyu na ikirarin kujera ɗaya, Muhammadu Sanusi na Biyu da aka maido kan sarautar yana Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero da ya gaje shi bayan tuɓe shi yana gidan Nasarawa. Masu kiwon doki, da masu kayan doki, da makaɗan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, su suka biya kuɗin rigimar da ba su haɗa ba.

Amma duk wanda ya daɗe a kan bencin zai lura cewa maganar sarauta da ta mawaƙa ba su ne ke ɗaga murya ba. Abin da ke sa mutum ya ajiye kofin shayi shi ne buhu. Yankin Rogo ƙasar noma ce ta gaske, masara da dawa da waken soya da shinkafa, ga rake da ake dafawa a yi mazarƙwaila. A 2024 farashin hatsi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, mai saye ya yi kuka, har aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a farkon Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano. A Yulin wannan shekara gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da shinkafa, na kwana 150. Zuwa 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba. Manomin da ya ci bashi ya noma masara ya wayi gari buhunsa ba ya sayen buhun taki. Ɗan birni ya samu sauƙi, ɗan ƙauye ya ɗauki asarar, kuma a gida ɗaya ana iya samun mai murna da mai baƙin ciki, domin ɗa na aikin albashi a Kano, uba na noma a Ruwan Bago. Babu sojan bakan da ya iya bayanin wannan kamar yadda manomin da kansa ke yi, da lissafin buhu nawa ya zuba, buhu nawa ya kwasa, nawa ya biya 'yan ƙwadago.

Haka batun ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli 2024, kwana biyar kafin a maido da masarautar Karaye, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ranar 26 ga Oktoba aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, jam'iyyar da ke mulki a lokacin ta lashe duka 44, kamar yadda jam'iyyar da ta gabace ta ta saba lashewa a nata zamanin. Ruwan Bago mazaɓa ce, tana da kansila. Ga mai neman a gyara kwalbati kafin ruwa ya yanke hanya, ko a kawo malami a makaranta, ko akwai kuɗi a sakatariyar Rogo da wanda za a tuhuma in sun ɓace, ya fi darajar sandar sarki muhimmanci. Mutanen wurin sun san haka, shi ya sa suke sauraron labarin fada da sha'awa amma suke sauraron labarin kason wata da fushi.

Hukuncin da ya dace a nan bai da wuyar faɗa. Buƙatar a kusanto da sarauta ga jama'ar Karaye da Rogo buƙata ce ta gaskiya, kuma tsarin yanzu, na sarki a Karaye ƙarƙashin Sarkin Kano, yana iya biyan wani ɓangare nata in aka bar shi ya zauna. Abin da ba daidai ba shi ne yadda ake yi: a ɗaga a kwana uku, a rushe a yini ɗaya, a raba hakimai da rawunansu, a mayar da wasu, kowane sabon gwamna ya zo da tasa taswirar. Sarautar da talaka ke kai wa kuka amfaninta yana cikin dawwamarta. Dagacin da bai san wanda zai yi wa mubaya'a baɗi ba, da wuya ya tsaya ya yi wa mai ƙarfi gaskiya a kan gonar maraya.

Gyaran da ake buƙata a cikin dokar kanta yake. A rubuta cewa ba za a kafa masarauta, ko a rushe ta, ko a sauya mata daraja ba, sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, a sakatariya, da rana tsaka, da Hausa, a gayyaci masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin manoma da makiyayi da na mata, a naɗa a watsa a rediyo. A kuma sa wa'adin watanni tsakanin gabatar da ƙudurin da zartar da shi, a nemi rinjayen kashi biyu cikin uku. Shari'ar kujerar Kano ta bi ta Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi hukunci a kanta ranar 10 ga Janairu 2025, daga nan aka nufi Kotun Ƙoli. Ko ta yaya ta ƙare, ba ta hana wata majalisar sake taɓa Karaye ba, domin dokar 16 ga Yuli 2024 dokar jiha ce kamar waɗanda suka gabace ta, rinjaye mai sauƙi ya isa ya sauya ta. Majalisar Dokokin Kano kujeru 40 gare ta. Rogo na da ɗaya, Karaye na da ɗaya.